BABI NA TARA: KALMOMIN MOTSA JIKI DA NA TSAYUWA DA ZAMA A INGILISHI DA HAUSA

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda harshen uwa yake yin katsalandan a cikin harshe na biyu. A wannan babi za a ɗauki fage guda a yi masa duban tsanaki, wato kalmomin da ake amfani da su wajen bayyana motsin jiki da yanayin tsayuwa da zama da kwanciya, da kuma umurnin da ake bayarwa a filin wasanni.

Mai yiwuwa ɗalibi ya tambaya, ina ruwan mai nazarin Hausa da kalmomin Ingilishi? Amsar tana cikin aikin da yake jiran sa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma ga Ingilishi. A 2022 aka amince da faɗaɗa wannan tanadi zuwa aji shida, a Nuwamban 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko ta ina tsarin ya karkata, abu guda bai sauya ba: yaron da ya shigo aji ɗaya a ƙasar Hausa da Hausa yake tunani, kuma malamin da ya san ƙirar harsunan biyu shi ne gadar da yaron zai bi ya ƙetare.

Na taɓa zuwa duba wani ɗalibinmu da yake aikin gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye. Ya fito da 'yan aji huɗu fili, ya ce da su: *Bend down and touch your leg fingers.* Rabin ajin suka tsuguna, wasu suka sunkuya, sauran kuwa suka tsaya suna kallon na gaba da su. Abin da yake nufi shi ne su sunkuya su taɓa yatsun ƙafarsu. Kuskurensa ba na rashin ƙoƙari ba ne. Ya ɗauko ƙirar Hausa ne ya zuba mata kalmomin Ingilishi, kuma yara arba'in da wani abu sun tafi gida da wannan ƙira a kansu.

9.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance sunayen gaɓoɓin jiki da Hausa ta haɗe, Ingilishi kuma ya rarrabe;
(b) bayyana yadda harsunan biyu suke nuna shiga wani yanayi da kasancewa a cikinsa;
(c) nuna inda kowane harshe yake ajiye salon motsi da alkiblarsa a cikin jimla;
(d) tsara darasin da zai koyar da waɗannan kalmomi ta hanyar aikatawa.

9.2 Sunayen Gaɓoɓin Jiki

Masanin nan Robert Lado ya nuna a 1957 cewa idan aka kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo, za a iya hango wuraren da mai koyo zai yi tuntuɓe tun kafin ya kai gare su. Sunayen gaɓoɓi misali ne mai kyau. Jikin Bahaushe da na Bature iri ɗaya ne, amma kowane harshe da inda ya ja layinsa.

Kalmar hannu a Hausa ta ɗauko tun daga kafaɗa har zuwa ƙarshen yatsu. Ingilishi ya raba wannan gaɓa biyu: *arm* daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, *hand* daga wuyan hannu zuwa yatsu. Haka ƙafa take: *leg* daga cinya zuwa idon sawu, *foot* daga idon sawu zuwa ƙasa. Yatsa kuwa, in na hannu ne *finger*, in na ƙafa ne *toe*, babban yatsan hannu kuma yana da sunansa na daban, wato *thumb*. Ga wasu da Hausa ta gina da harɗaɗɗen suna, Ingilishi kuma ya ba su kalma guda:

gwiwar hannu — *elbow*
wuyan hannu — *wrist*
tafin hannu — *palm*
idon sawu — *ankle*
tafin ƙafa — *sole*

Akwai kuma waɗanda suka yi daidai wa daida, ba su da wata wahala: gwiwa *knee*, cinya *thigh*, kafaɗa *shoulder*, ƙirji *chest*, dunduniya *heel*, ƙwauri *shin*, hamata *armpit*.

Wannan bambanci yana da tasiri a aikace. *Raise your hand* shi ne ɗaga hannu ɗaya domin amsa tambaya, *raise your arms* kuwa ɗaga hannuwa biyu ne a wajen motsa jiki. Haka nan idan yaro ya gurɗe a idon sawu, malami ya rubuta wa ma'aikacin asibiti cewa yaron ya ji ciwo a *leg*, to ya tura shi neman ciwo inda babu shi.

9.3 Shiga Yanayi da Kasancewa a Cikinsa

Hausa tana da kyakkyawan tsari wajen bambance aikin shiga wani yanayi da zama a cikin yanayin. Aikatau shi yake nuna shiga, sigar da take ƙarewa da wasalin -e kuma ita take nuna kasancewa. Ingilishi yana yin wannan aiki ta wata hanya dabam: yana ƙara ɗan harafi kamar *up* ko *down* domin nuna shiga, yana kuma amfani da lokaci mai ci domin nuna kasancewa.

Ya zauna. — *He sat down.*
Yana zaune. — *He is sitting.*
Ta kwanta. — *She lay down.*
Tana kwance. — *She is lying down.*
Sun tashi tsaye. — *They stood up.*
Suna tsaye. — *They are standing.*
Ya durƙusa. — *He knelt down.*
Yana durƙushe. — *He is kneeling.*

Abin lura a nan shi ne, Hausa ta bambanta “yana zama” da “yana zaune”, alhali *he is sitting down* na iya ɗaukar ma'anonin biyu, sai muhallin magana ya fayyace.

Akwai aikatau uku na Hausa masu faɗin ma'ana da sukan jefa ɗalibi cikin kuskure. Na farko shi ne tsaya, wanda yake nufin *stand* da *stop* da kuma *wait*. Yaron da yake son abokinsa ya daina gudu sai ya ce masa *stand*, domin da Hausa “tsaya” zai ce. Na biyu shi ne zauna, wanda ya haɗa zama a kujera da zama a gari, shi ya sa akan ji ɗalibi ya ce *I am sitting in Zaria* a maimakon *I live in Zaria*. Na uku shi ne hau, wanda Ingilishi ya rarraba shi: *climb* ga bishiya ko tsani, *ride* ga doki ko keke, *get on* ga bas ko jirgi.

9.3.1 Sauran Kalmomin Yanayi

tsuguna — *squat*
sunkuya, duƙa — *bend over, stoop*
rusuna — *bow*
jingina — *lean*
kishingiɗa — *recline*
harɗe — *sit cross-legged*
yi rigingine — *lie on your back*
yi ruf da ciki — *lie face down*
ƙudundune — *curl up*
yi ɗage — *stand on tiptoe*
ƙame — *stand to attention*

Kalmar *crouch* tana kusa da *squat*, sai dai ta ƙunshi duƙar da jiki gaba, kamar mai laɓewa ko mai shirin zabura. *Slouch* kuwa zama ne ko tsayuwa da sakin kafaɗu da lanƙwasa baya, kishiyarsa ita ce *sit up straight*, wato gyara zama a miƙar da gadon baya.

Ya kamata malami ya san cewa ma'anar kalma ba ta tsaya ga surar jiki kaɗai ba. Tsugunawa ko durƙusawa a gaban babba alamar ladabi ce a al'adar Bahaushe, gurfana kuma ta ƙunshi miƙa wuya a gaban mai iko. A Ingilishi *kneel* ce take ɗaukar durƙusa da gurfana duka, *squat* kuwa ba ta da wata alaƙa da girmamawa. Haka kuma akwai yanayin da Ingilishi ba shi da kalma guda ta bayyana shi. Tagumi, alal misali, sai dai a siffanta shi a ce *to rest your chin in your hand*, kuma wannan siffantawa ba ta ɗauko damuwar da Bahaushe yake karantawa a fuskar mai tagumi ba.

9.4 Aikatau So-karɓau da Ƙi-karɓau

Wurin da ɗalibai suka fi shan wahala shi ne tagwayen aikatau irin su *lie* da *lay*, ko *rise* da *raise*. Har masu harshen kansu sukan gauraya su. Mai nazarin Hausa yana da makami a hannunsa, wato tsarin rukunan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960. Aikatau na rukuni na 5, mai ƙarewa da -ar, shi yake nuna sa wani ya yi aiki, kuma shi ne takwaran na biyu a cikin kowace tagwaye:

kwanta — *lie, lay, lain*
kwantar da — *lay, laid, laid*
tashi — *rise, rose, risen*
tayar da, ɗaga — *raise, raised, raised*
zauna — *sit, sat, sat*
zaunar da — *seat, seated, seated*

Ke nan ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan jimlar Hausa ta buƙaci kwanta, a ɗauki *lie*. Idan ta buƙaci kwantar da, wato akwai karɓau, a ɗauki *lay*. Tushen rikicin shi ne shuɗaɗɗen lokacin *lie* ya yi kama da *lay* a rubuce da furuci. Sannan akwai wata *lie* ta uku mai nufin yin ƙarya, wadda shuɗaɗɗen lokacinta shi ne *lied*. Saboda gudun wannan ruɗami ne wasu malamai kan ce da yara *sleep on the mat* alhali kwanciya suke nufi ba barci ba. Wannan guje wa matsala ne, ba maganinta ba.

9.5 Salon Motsi da Alkiblarsa

A 1985 Leonard Talmy ya nuna cewa harsuna sun bambanta dangane da inda suke ajiye sassan ma'anar motsi. Kowane motsi yana da alkibla, wato ina aka dosa, yana kuma da salo, wato yaya aka tafi. Ingilishi yakan cusa salo a cikin aikatau, ya bar alkibla ga ɗan harafin da yake biye. Hausa kuwa sau da yawa takan sa alkibla a cikin aikatau, ta kawo salo daga baya. A dubi waɗannan misalai:

Ya fita da gudu. — *He ran out.*
Ta shigo da rarrafe. — *She crawled in.*
Sun ƙetare kogin da iyo. — *They swam across the river.*
Ya wuce yana ɗingishi. — *He limped past.*

Ɗalibin da bai gane wannan juyi ba shi yake rubuta *He went out with running*. Kowace kalma a jimlar Ingilishi ce, amma ginin na Hausa ne. Dabarar da za a koya masa ita ce ya ɗauko abin da ya zo bayan “da” ko “yana” ya mayar da shi aikatau, aikatau ɗin Hausa kuma ya koma ɗan harafi.

Wani abin da ya keɓanta da Hausa shi ne rukuni na 6, mai ƙarewa da -o, wanda yake nuna motsi zuwa wajen mai magana. Ingilishi yana bayyana wannan da kalmomi biyu dabam, *go* da *come*: fita *go out*, fito *come out*, shiga *go in*, shigo *come in*, sauka *go down*, sauko *come down*, koma *go back*, komo ko dawo *come back*.

9.5.1 Ire-iren Tafiya da Tsalle

sassarfa — *jog, trot*
sanɗa — *creep, tiptoe*
tangaɗi — *stagger*
tuntuɓe — *stumble, trip*
zamewa — *slip*
taƙama — *strut*
ja da baya — *step back*
waiwaya — *look back*

A fagen tsalle Ingilishi ya fi rarrabewa. *Jump* ita ce gama-gari. *Hop* tsalle ne da ƙafa ɗaya, irin na mai wasan langa. *Skip* tana nufin tsallen igiya, ko kuma tafiyar da yara kan yi suna 'yan tsalle-tsalle daga wannan ƙafa zuwa waccan. *Leap* tsalle ne mai nisa ko mai tsawo. Hausa ma tana da nata rabon: tsallake *jump over*, dira *jump down* ko *land*.

9.5.2 Amsa-kama

Inda Ingilishi ya tara aikatau masu yawa, Hausa ta tara amsa-kama. Sau da yawa aikatau guda na Ingilishi daidai yake da aikatau da amsa-kama a Hausa: ya miƙe zumbur *he sprang to his feet*, ta tsaya cak *she stopped dead*, ya fita wuf *he darted out*, yana tafe tinƙis-tinƙis *he is trudging along*. Kuskure ne a ce ɗaya daga cikin harsunan ya fi ɗaya wadata a wannan fage. Kowanne da rumbun da yake zuba kayansa. Malamin da ya san haka ba zai fassara *trudge* da “tafiya” kawai ya wuce ba.

9.6 Kalmomin Filin Wasanni

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla matsakaicin minti 60 na motsa jiki a kowace rana, manya kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Wannan ya sa darasin motsa jiki ba lokacin hutu ne ga malami ba, kuma wuri ne da harshe yake aiki ido da ido: in an fahimci umurni za a gani, in ba a fahimta ba ma za a gani. Ga umurnin da aka fi bukata:

Ku yi layi. — *Line up.*
Ku ba juna tazara. — *Spread out.*
Ku ware ƙafafu. — *Stand with your feet apart.*
Ku riƙe ƙugu. — *Put your hands on your hips.*
Ku miƙa hannuwa gaba. — *Stretch your arms out in front.*
Ku lanƙwasa gwiwa. — *Bend your knees.*
Ku juya. — *Turn round.*
Ku shaƙi iska. — *Breathe in.*
Ku fesar. — *Breathe out.*
Ku yi gudu a wuri ɗaya. — *Run on the spot.*
Kada ku motsa. — *Keep still.*

A lura cewa umurnin Hausa yana bambance mutum ɗaya da jam'i, yakan kuma bambance namiji da mace idan aka ce “ka zauna” ko “ki zauna”. Ingilishi siga ɗaya gare shi ga kowa: *sit down*. Korewa kuma da *don't* ake yin ta, inda Hausa take amfani da kada.

Wasu daga cikin waɗannan aikatau sukan rikiɗe su zama suna. *To warm up* shi ne ɗumama jiki kafin a fara wasa, *a warm-up* kuma sunan wannan aiki ne, kuma a sunan ana ƙarfafa furucin kashin farko. Haka *sit-up* take, wato tasowa zaune daga rigingine. Motsin da ake yi a ruf da ciki ana tura ƙasa da hannuwa, a Ingila *press-up* ake ce masa, a Amurka kuma *push-up*. Duka biyun daidai ne, sai dai malami ya zaɓi ɗaya ya dawwama a kansa domin kada ya ruɗa yara.

Kada a manta cewa Hausa tana da kalmominta a wannan fage, kamar guje-guje da tsalle-tsalle, da tsere, da atisaye, da gudun famfalaki wanda tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne. Ta kuma ari wasu daga Ingilishi ta hausantar da su, kamar fareti da gola da fenariti. Waɗannan kalmomin aro tsani ne mai amfani, domin yaro ya riga ya san ma'anarsu, abin da ya rage shi ne a nuna masa yadda ake furta su da rubuta su a harshen da suka fito.

9.7 Matsalolin Furuci

Na farko, gaɓar Hausa tana da siga uku ne: BW da BWW da BWB. Baƙi biyu ba sa haɗuwa a farkon gaɓa. Saboda haka idan Bahaushe ya ci karo da *stretch* ko *sprint*, masu farawa da baƙaƙe uku, ko *skip* da *crawl* masu farawa da biyu, sai ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda aka yi wa burodi da firamare. Maganinsa shi ne a fara da kalma mai sauƙi a riƙa ƙara baƙi: *rip, trip, strip*.

Na biyu, Hausa ba ta bambance sautin p da f a matsayin ƙwayoyin sauti biyu. Shi ya sa *pull* take komawa *full*, *palm* ta yi kama da *farm*. A nuna wa yara cewa wajen furta p leɓɓa biyu suke haɗuwa su buɗe da fashewar iska, wajen f ta Ingilishi kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa.

Na uku, rubutun Hausa yana tafiya da furuci, Ingilishi kuwa yana da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa: k a *knee* da *kneel*, w a *wrist*, b a *thumb* da *climb*, l a *walk* da *palm* da *calf*.

Na huɗu, akwai tagwayen kalmomi da wasali kaɗai ya raba su, kamar *walk* da *work*, *sit* da *seat*, *heel* da *hill*. A tagwaye biyu na ƙarshe sanin dogon wasali da gajere na Hausa yana taimakawa ƙwarai.

9.8 Hanyar Koyarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna James Asher, na Jami'ar Jihar San José da ke Kalifoniya a Amurka, ya ɓullo da hanyar koyar da harshe ta amsawa da jiki. Hujjarsa ita ce jariri yakan daɗe yana fahimtar umurni yana amsawa da motsi kafin ya furta kalma, saboda haka a bar mai koyo ya fara da ji da aikatawa, magana ta biyo baya. Wannan hanya ba ta wadatar ba wajen koyar da kalmomin da ba a gani, kamar adalci ko tunani, amma ga fagen da muke ciki babu kamarta. Ba ta kuma bukatar kayan aiki, ga shi ta dace da aji mai cunkoso. Ga samfurin darasin minti 35 domin aji uku:

Mataki na 1, minti 5: Malami ya gaya wa yara da Hausa abin da za a koya, ya sa su nuna tsugunawa da sunkuyawa da durƙusawa, domin ya tabbata sun bambance su a harshensu.

Mataki na 2, minti 8: Malami ya furta umurni uku na Ingilishi, *squat, bend over, kneel down*, yana aikatawa tare da yaran. Ba a bukatar su maimaita da baki.

Mataki na 3, minti 7: Malami ya ba da umurnin ba tare da ya motsa ba, yana sassauya jerin, domin kada yara su haddace jeri a maimakon ma'ana. Ya riƙa kiran layi-layi, saboda a gano masu kwaikwayon na gabansu.

Mataki na 4, minti 8: A ƙara kalmomi uku, a gauraya su da na farko, a kawo korewa: *Don't kneel, squat.*

Mataki na 5, minti 7: Yara su karɓi matsayin malami su umurci juna. Sai a ƙarshe ne za a rubuta kalmomin a allo su kwafa.

Kalma shida zuwa takwas sun isa darasi guda. Wajibi ne kuma malami ya kula da abubuwa uku. Ya duba filin ya kawar da duwatsu da ƙaya. Ya yi la'akari da sutura da kunyar 'yan mata wajen zaɓen motsi, ya kuma ba yaro mai larurar ƙafa aikin bayar da umurni domin kada a bar shi a gefe. Sannan kada ya mayar da waɗannan kalmomi bulala. Yaron da bai taɓa jin *kneel down* ko *frog jump* ba sai a lokacin horo, zai tashi yana ganin Ingilishi harshen azaba ne, kuma cire masa wannan tsoro ya fi koya masa kalma ɗari wuya.

9.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Hausa da Ingilishi sun bambanta wajen raba gaɓoɓin jiki, da wajen nuna shiga yanayi da kasancewa a cikinsa, da kuma inda suke ajiye salo da alkiblar motsi. An kuma ga cewa sanin rukuni na 5 da na 6 na aikatau ɗin Hausa yana warware wasu matsalolin Ingilishi da suka daɗe suna damun ɗalibai. Da ɗalibin da na ambata a farko ya san waɗannan, da abin da zai ce shi ne *Bend over and touch your toes*, kuma da ajin ya sunkuya gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da malamin firamare ya dasa a bakin yaro shi yake bin sa har jami'a.

9.10 Auna Fahimta

1. Kawo gaɓoɓin jiki uku da Hausa take kira da suna ɗaya, Ingilishi kuma da biyu, tare da misalin jimla ga kowanne.
2. Yi bayanin yadda rukuni na 5 yake taimakawa wajen bambance *rise* da *raise*.
3. Fassara waɗannan zuwa Ingilishi: (i) Ta sauko da gudu. (ii) Muna tsugune a gindin bishiya. (iii) Ya kwantar da yaron a tabarma. (iv) Sun shiga ɗakin da sanɗa.
4. Gyara waɗannan jimloli, ka faɗi tushen kuskuren: (i) *He entered with jumping.* (ii) *My uncle is sitting in Sokoto.* (iii) *She lied on the bed.*
5. Me ya sa Bahaushe yake cusa wasali a cikin kalmar *stretch*?

9.11 Jinga

Halarci darasin motsa jiki a wata makarantar firamare da take kusa da kai. Rubuta umurni goma da malamin ya bayar kamar yadda ya furta su, ka nuna waɗanda yara suka amsa nan take da waɗanda suka yi jinkiri a kansu, sannan ka bayyana dalilin jinkirin bisa abin da ka koya a wannan babi. Kada aikin ya wuce shafi uku.